Wai mutum nawa ne biliyan ɗaya ta aikin titi take ba aiki?

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne daga Alkaleri, ina karanta fannin tattalin arziki. Duk sanda aka zo ƙaddamar da aikin titi sai mu ji an ce zai samar wa dubban matasa aikin yi, amma in ka je wajen aikin sai ka tarar da gireda da rola da tifofi, mutanen da ke wurin ba wasu masu yawa ba, kuma galibinsu ma ba 'yan garin ba ne. Don Allah Malam daga ina ake samo wannan adadin? Zance ne kawai na 'yan siyasa ko akwai lissafin da ake yi? In akwai, me ya sa ba ya dacewa da abin da ido ke gani, kuma ana iya gyara shi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. In na fahimce ka, kana so ka san ko lambar nan da ake faɗa ranar ƙaddamarwa tana da tushe, in kuma tana da shi to me ya raba ta da abin da ka gani da idonka a bakin titi. Toh akwai lissafi kam, ba kullum ne daga baki kawai take fitowa ba, sai dai mudun da ake awon da shi yawanci na aro ne, kuma ya tsufa, ga shi ba don irin hatsinmu aka sassaƙa shi ba. Na ɗau shekaru ina aikin ƙiyasi da bibiyar ayyukan tituna tsakanin Gombe da Bauchi, ni kaina na taɓa yin awo da wannan mudun kafin in gane matsalarsa, don haka bari in ɗan ja maka zancen daga tushe.

Asalin lissafin

Wanda ya kafa wannan hanyar wani masanin tattalin arziki ne ɗan asalin Rasha da ya zauna a Amurka, Wassily Leontief, har ya samu kyautar Nobel a kai a 1973. Tunaninsa mai sauƙi ne. Kowace sana'a tana saye daga wata sana'ar, tana kuma sayar wa wata, don haka in ka zana babban jadawali da ke nuna wa ke saye a hannun wa kuma na nawa, to in aka zuba kuɗi a waje ɗaya kana iya bin sawunsa ka ga duk inda ya ratsa. Ɗauki siminti. Ɗan kwangila ya yi odar siminti daga Ashaka don kwalbati da lambatu, Ashaka na buƙatar dutsen da ake haƙa a nan kusa da masana'antar, tana buƙatar gawayin Maiganga da ke Akko, tana buƙatar direban tirela, direban na buƙatar dizal da taya da bakanike, bakaniken na buƙatar mai sayar da sifeya. Kowane ɗaya a cikinsu ya ɗan samu aiki saboda kwalbatin nan.

Daga nan ne ake kasa ayyukan gida uku. Akwai na kai tsaye, su ne waɗanda ka gani a wajen aikin, lebura da birkila da kafinta da mai ɗaure rodi da direban gireda da safiyo da injiniya. Akwai na bayan fage, su ne masu samar da kaya, mutanen wurin fasa dutse da masu ɗibar yashi da ma'aikatan siminti. Sai na ukun, wanda shi ne ya fi rikita mutane, wato aikin da albashin waɗancan ke haifarwa in sun shiga kasuwa da shi, tela ya samu ɗinki, mai shago ya ƙara yaro, ɗan acaba ya ƙara fasinja. Ana haɗa ukun nan a fitar da lamba ɗaya, a ce kowace biliyan tana tallafar ayyuka kaza, ita ce lambar ninki. To ka ga tun daga nan an fara rabuwa, kai kana ƙirga kashi na farko da idonka, mai jawabi kuma jimillar ukun aka rubuta masa, wataƙila shi kansa bai san haka ba.

Mudun ma yana tsufa

Ƙasar da ta fi kowa yayata irin wannan lambar ita ce Amurka, kuma labarinta ya isa darasi. Hukumar manyan titunansu ta tarayya ta daɗe tana amfani da ƙiyasin cewa dala biliyan ɗaya ta tarayya, in aka haɗa da kason da jihohi ke ƙarawa, tana tallafar ayyuka 47,500. An yi ta maimaita wannan lambar shekara da shekaru a jawabai da jaridu. Da aka sabunta lissafin da farashin 2007 sai ta sauko kusan 34,800, in kuma aka cire kason jihohi aka bar biliyan ɗaya zalla, kusan 27,800. A cikin waɗannan ma kusan rabi na kashi na ukun nan ne, na cefanen albashi, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka shafi ginin kansa. Bayan nan, da aka zo zamanin Obama, bayan shirin farfaɗo da tattalin arziki na 2009, lambar da masu ba fadar shugaban ƙasa shawara suka fitar kuma hukumar ta koma amfani da ita ita ce 13,000. Hanyar lissafinsu ta ɗan bambanta da ta farkon, amma duba tazarar, daga dubu arba'in da bakwai zuwa dubu goma sha uku a ƙasa ɗaya.

Ba wai titi ne ya daina ba da aiki ba. Kwalta da ƙarfe da mai suka yi tsada, sai biliyan ɗin ta koma tana sayen titi gajere, albashi ya ƙaru, injuna suka ƙara ƙarfi ta yadda mutum ɗaya ke yin abin da da sai uku. Jadawalin Leontief hoto ne na shekarar da aka ɗauke shi, yana ɗauka cewa yadda ake haɗa kaya da ma'aikata bai canzawa, farashi ma bai motsi, kuma duk ma'aikacin da aka nema yana nan zaune yana jira. In hoton ya kwana biyu sai ya daina kama da mai shi.

To in haka ta faru da dala, ina ga naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta wuce 1,500. Ke nan biliyan ɗaya da ke kai dala miliyan biyu da 'yan kai ta dawo ba ta kai dala dubu ɗari bakwai ba. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin sufuri ya tashi, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024. Duk wanda ya ɗauko lambar ninkin da aka haɗa kafin waɗannan ya buga ta a kan kasafin bana, wallahi ya ninka kuskure ne kawai. Mu kanmu mun ga illar tsohon ma'auni a 2014, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta matsar da shekarar da take gina lissafin arzikin ƙasa a kai daga 1990 zuwa 2010, sai ga tattalin arzikin Najeriya ya kusa ninkawa a takarda har ya wuce na Afirka ta Kudu, don tsohon hoton bai san da waya da fina-finai da sauran sabbin harkoki yadda ya kamata ba. A 2025 an sake matsar da ita zuwa 2019. Wannan ci gaba ne, amma ka lura 2019 ɗin ma kafin korona ce, kafin faɗuwar naira.

Inda kuɗin ke yoyo

Nan ne na fi so ka tsaya, don nan ne amsar rabin tambayarka take, wato me ya sa ba 'yan garin ba ne. Kuɗin titi kamar ruwa ne a tulu mai tsaga, abin da ya rage a ciki shi ke ba da aiki a gida. Kwaltar da ake shimfiɗawa yawancinta shigo da ita ake yi daga waje, duk da muna da ita kwance a ƙasa a yankin Ondo, kuma matatar Kaduna da aka tsara ta har da fitar da kwalta ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata. Katafila da gireda da rola da injin shimfiɗa duk na waje ne, sifeyarsu ma haka, da dala ake saye. Duk nairar da ta bi wannan hanyar aiki ta samar kam, amma a wata ƙasar. Lissafin Amurka bai damu da wannan sosai ba don su ke ƙera da yawa daga cikin injunansu, su ke tace kwaltarsu. In ka aro lambarsu ka juya ta zuwa naira, ka ƙirga wa Gombe ayyukan da ba za su taɓa zuwa Najeriya ba ma.

Bayan yoyon da ke fita ƙasa akwai wanda ke fita jiha. Babban kamfani hedikwatarsa na Abuja ko Legas ko Kaduna, can ribar ke tafiya, can akawu da lauya da masu zane suke. Direban gireda da mai sarrafa injin kwalta ƙwararru ne, kamfani da abinsa yake yawo daga wannan aikin zuwa wancan, ba zai ɗauki injin miliyoyi ya miƙa wa wanda bai sani ba, kuma ban ga laifinsa a nan ba. Albashin waɗannan mutane kaso mai yawa gida ake turawa ta waya ranar da aka biya. Abin da ke zama a garin shi ne leburanci, gadi, riƙe tuta, ɗibar ruwa, yashi, marmara, wani lokacin tsakuwa in akwai wurin fasa dutse kusa, sai abinci da hayar ɗaki. Don haka lambar ƙasa baki ɗaya tana iya zama gaskiya, amma in aka faɗe ta a Alkaleri kamar duk 'yan Alkaleri ne za su samu, an yaudari mutane ko da ba da niyya ba. Iyakar ƙanƙantar yankin da kake dubawa iyakar yawan yoyonsa, na ƙaramar hukuma ya fi na jiha, na jiha ya fi na ƙasa.

Shi ya sa maganar titin kankare da Ministan Ayyuka David Umahi yake ta turawa tun 2023 ta shafi wannan lissafin kai tsaye. Siminti a gida ake yin sa, mu nan ma muna da Ashaka a Funakaye, don haka yoyon da ke fita waje yana raguwa in aka kwatanta da kwalta. Amma kar a yi saurin murna, masana'antar siminti injuna ne suka fi yawa a cikinta, shimfiɗa kankaren ma inji ke yi, ga rodi mai yawa. A ganina ayyukan bayan fage za su ɗan ƙaru a cikin ƙasa, na bakin titi kuwa ba lallai ba. Tsohon lissafi da ya ɗauki duk titi a matsayin abu ɗaya ba zai iya nuna maka wannan bambancin ba sam.

Me ake nufi da aiki ma tukun

Bari in ba ka abin da ya faru da ni. Akwai shekarar da aka nemi in fitar da adadin ayyukan da wani titi na cikin jiha zai samar, ana so a saka a jawabi, lokaci kuma ya ƙure. Na ɗauko lambar ninki daga wani rahoto na waje, na juya kuɗin, na miƙa. Bayan wata bakwai ko takwas aiki ya kai ni wurin, na isa yadin kamfanin bayan asuba, gari bai gama wayewa ba. Matasa sun yi layi a bakin get, wasu da shebur ɗinsu, foman ya fito da takarda yana kiran suna, wanda aka kira ya shiga, sauran suka tsaya har rana ta ɗaga sannan suka watse. Na roƙi mai rubuta sunayen ma'aikata ya ba ni littafinsa na zauna a kan benci ina buɗawa shafi shafi. Abin da na gani shi ne sunaye da yawa ƙwarai, amma wani kwana tara ya yi, wani sati uku, wani ya zo watan da ake haƙa lambatu bai sake dawowa ba. In sunaye za ka ƙirga adadin da na bayar bai yi nisa sosai ba, in kuma kwanakin aiki za ka tara ka raba da shekara, ko kusa bai kai ba. Ranar jikina ya yi sanyi, don na san akwai iyayen da suka ji wancan jawabin suka sa rai.

Su masu lissafin in sun ce aiki ɗaya, nufinsu aikin mutum ɗaya na tsawon shekara ɗaya. A misali, mutum 300 da suka yi wata huɗu, ayyuka 100 ne a wannan ma'aunin. Haka mutum 100 da suka yi shekara uku ana iya rubuta su ayyuka 300, alhali mutum ɗarin nan ne dai. Ka tuna shirin ayyuka 774,000 na gwamnatin Buhari, mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku. In ka mayar da shi ma'aunin shekara, 193,500 ne. Duka lambobin biyu gaskiya ne, amma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Afirka ta Kudu a shirinsu na ayyukan jama'a da suka fara a 2004 sun raba abin gida biyu, suna faɗin yawan damar aiki daban, suna kuma faɗin cikakken aiki daban, inda kwana 230 na aiki ke zama ɗaya. Wannan tsarin ya burge ni kuma ba abin da zai hana mu yi.

Ga kuma abin da littattafan waje ba su sani ba, damina. Da ruwa ya sauka aikin ƙasa yana ja baya don ba a iya dandaƙe jiƙaƙƙiyar marmara, leburori da yawa kuma da kansu suke ajiye shebur su koma gona, don ba mai barin gero da masararsa saboda aikin kwana ashirin. Ke nan aikin titi a wajenmu rabinsa cin rani ne. Wanda ya samu leburanci a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da ba abin yi, wannan ƙari ne na gaske a gidansa, wataƙila ma ya hana shi tafiya kudu. Wanda kuma aka janye daga gona a Yuli, canjin aiki kawai ya yi, manomin da ke neman 'yan ƙwadago kuma ya biya da tsada. Lissafi mai kyau dole ya san watan da kuɗin ya sauka.

A yadin kamfanin nan da na je dai akwai wata baiwar Allah da ta kafa rumfa tana sayar da shinkafa da wake da taliya, da safe koko da ƙosai. Ta ɗauki 'yan mata biyu masu wanke-wanke da yaro mai ɗebo ruwa, itace ma a wajen wani tsoho take saye kullum. Ba ta cikin littafin kamfani, ba ta cikin rajistar kowa, amma mutum biyar ke ci daga rumfar. Binciken ma'aikata na NBS ya nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a ƙasar nan irin wannan aikin suke yi, wanda ba shi da takarda. To nan tsohon lissafin ragewa yake yi maimakon ƙari, ka ga kuskuren ta fuska biyu yake zuwa. Da na koma bayan wasu watanni an tsayar da aikin, kuɗin kafin alƙalami ya ƙare, biyan da ke biye bai fito ba, injuna na fake ciyawa ta fara fitowa a ƙarƙashinsu. Rumfar tana nan amma tukunya ɗaya ce a kan murhu, ta sallami 'yan matan, ta nuna min littafin bashin leburorin da suka ci da alkawarin ƙarshen wata suka tafi ba a biya su ba. A takardar kasafi kuwa kuɗin aikin na nan cif, duk wanda ya buga lambar ninki a kansa zai ce ayyukan suna nan. Dubi titin Kano zuwa Maiduguri da ya ratsa Azare, tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da shi tagwaye, shekaru nawa ya ɗauka. Kuɗin da aka ware daban, wanda aka saki daban, kuma wanda aka saki ne kaɗai ke ɗaukar lebura.

To yaya za a gyara

Ni a aikina yanzu daga ƙasa nake farawa in hau sama. Kowace kwangila tana da takardar ƙididdigar kaya da aiki, wadda ke nuna yawan ƙasar da za a haƙa, tsakuwar da za a zuba, tsawon lambatu, yawan kwalbati, kaurin kwalta. Kowane layi a ciki injiniyoyi sun san mutum nawa da inji nawa ke yin sa a rana. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka fitar da kwanakin aiki na kai tsaye, ka raba na ƙwararru da na leburori, kuma wannan lambar ana iya zuwa a duba ta a littafin yadi. Daga nan sai ka tambayi kowace naira ina za ta, waje, wata jiha, ko nan. Wadda ta zauna ce kawai za ka shigar a jadawalin saye da sayarwa don fitar da na bayan fage. Yana cin lokaci, amma ɗalibi irinka da kwamfuta da haƙuri zai iya yi wa titi ɗaya.

Dole kuma a daina ba duk titi lamba ɗaya. Babbar hanya irin ta Bauchi zuwa Gombe ko Gombe zuwa Numan, da tireloli ke bi dare da rana, aikin inji ce, ba yadda za a yi a ce a yi ta da diga da shebur don a ƙara adadi, ingancin zai lalace kuma rayuka ne a kai. Amma titunan karkara, irin na shirin kilomita ɗari a kowace ƙaramar hukuma goma sha ɗaya na Gombe, ko na shirin RAAMP da Bankin Duniya ke tallafawa, akwai sassan da hannu zai iya yi da kyau, share hanya, haƙa lambatu, jera dutse, ƙananan kwalbatoci. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun shekarun 1970 take gwada wannan a ƙasashe irin su Kenya. Gyara da kula da titi ma, cike ramuka, yashe magudanan ruwa, sare ciyawar gefe, naira ɗaya a nan ta fi ba da aikin hannu a kan naira ɗaya a sabon gini, kuma aikin ba ya ƙarewa, duk shekara yana dawowa. Abin takaici shi ne ba a yanka masa kirtani, shi ya sa ba a cika son sa ba, FERMA da aka kafa a 2002 don wannan aikin kullum kukan ƙarancin kuɗi take. Diyyar filaye da gidaje kuma a cire ta daga lissafin gaba ɗaya, musayar dukiya ce, ba ta ɗauki kowa aikin gini ba.

Sauran gyaran na hukumomi ne. Farashin kwalta da siminti da dizal da canjin dala a riƙa sabunta su a cikin lissafin duk shekara, a halin da muke ciki ma duk wata shida. Jihohi su haɗa kai da NBS da jami'o'inmu a gina jadawalin jiha ko na shiyyar arewa maso gabas, wanda ya haɗa da gidaje da masu ƙananan sana'o'i, don yadda kuɗi ke zagayawa a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ko ta Muda Lawal a Bauchi ba irin na Legas ba ne. Akwai kuma sabbin tsare-tsaren lissafi da ke barin farashi da albashi su motsa, su tambayi daga ina kuɗin ya fito. Wannan tambayar tana da nauyi, don in bashi ne, kamar Sukuk, wato takardar lamuni ta tsarin Musulunci, na naira biliyan 100 da aka fara a 2017 don tituna 25, za a biya daga baya, in kuma daga kason asibiti ko makaranta aka yanko to can ma an rasa wasu ayyukan. Abin da ya rage bayan an cire wannan shi ne ƙarin gaskiya. Sai dai irin waɗannan tsare-tsaren cin bayanai gare su, in ka ba su lambobin da ba su inganta ba za su ba ka amsa mai kyan gani wadda ba ta da amfani. Shi ya sa na fi ba da ƙarfi a kan abu mai arha, a sa a cikin sharuɗan kwangila cewa duk wata ɗan kwangila zai miƙa yawan kwanakin aiki, da albashin da ya biya, da ƙaramar hukumar da kowane ma'aikaci ya fito, kafin a sa hannu a takardar biyansa. Shekara uku ana tara wannan, za mu samu mudunmu na kanmu.

Iyakar abin da lissafin zai iya

Ko an yi duk wannan, ƙiyasi ƙiyasi ne. Ni yanzu ba na ba da lamba ɗaya, ina cewa tsakanin kaza da kaza, in rubuta abin da na ɗauka game da canjin dala da lokacin biya, kuma kashi na ukun nan na cefanen albashi daban nake ajiye shi don shi ya fi kowanne rauni. Ma'anar kalmar aiki ma tana iya juya komai, ka ga yadda rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 a ƙarshen 2020 ya koma 4.1 a farkon 2023 da NBS ta koma ƙirga wanda ya yi ko awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki.

Sannan duk abin da na faɗa a kan lokacin gini ne kawai. Abin da titin zai haifar bayan an gama, mai tumatir a Dadin Kowa ya kai kayansa kasuwa bai ruɓe ba, motar haya ta fara shiga ƙauyen da da sai babur, wannan lissafi ne daban kuma ya fi wuya, ga shi ba kullum yake fitowa yadda ake zato ba. Wani bincike da aka buga a 2020 a kan shirin titunan karkara na Indiya, wanda suka fara a 2000, ya gano cewa babban abin da sabon titi ya yi cikin 'yan shekarun farko shi ne sauƙaƙa wa mutane barin gona su je neman aikin lada a waje, amfanin gona da dukiyar ƙauyen kuwa ba su canza sosai ba. Garin da aka zagaye da sabuwar hanya kuma masu shayi da masu faci da masu tsire na bakin tsohuwar tasha su ke fara ji a jikinsu.

Tunda a Alkaleri kake kuma kana neman abin da za ka rubuta a aikin kammala karatu, zaɓi titi ɗaya da ake kan yi kusa da kai, ka nemi izinin injiniyan da ke kula da wurin da takarda daga sashenku, ka riƙa zuwa sau ɗaya a mako tun daga rani har cikin damina. Ka rubuta mutum nawa suka yi aiki ranar, aikin me, daga wane gari, nawa ake biyansu, ka kuma ƙirga rumfunan da ke bakin get da mutanen da ke cikinsu, ka tambayi direbobin tifa inda suke ɗauko yashi da tsakuwa. In ka tara na wata shida ka turo min mu duba tare, sai mu ɗora shi kusa da lambar da aka faɗa ranar ƙaddamarwa.